Maganin da Ake Kunnawa da Haske

Allurar kashe zafi da likitan haƙori ke yi wa mutum tana aiki ne ta hanyar toshe wasu ƙananan ƙofofi a jikin jijiya, waɗanda sodiyam ke bi ya shiga. Da sun toshe, saƙon ciwo ba ya isa ƙwaƙwalwa. Aibinta ɗaya: ba ta zaɓe. Leɓe da harshe duk sai su mutu, sai lokacin da maganin ya ga dama ya sake su.

Don neman maganin da za a iya kunnawa da kashewa, a 2004, Richard Kramer da Dirk Trauner da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ɗaura wa irin wannan ƙofa, wadda fotasiyam ke bi, wani sinadari mai ɗauke da azobenzin. Idan koren haske ya same shi, sai ya miƙe ya toshe bakin ƙofar. Idan aka haska masa hasken da ya zarce shuɗi, mai tsawon nanomita 380, sai ya lanƙwashe, ƙofa ta buɗe. Jijiya ta zama abin kunnawa da kashewa cikin ƙiftawar ido.

Wannan hanya ta cancanci kulawa fiye da yadda take samu. Takwararta da ta fi suna, wadda ake cusa wa jijiya ƙwayar gado daga gansakuka, ta dawo wa wani makaho ɗan gani kamar yadda aka sanar a 2021, amma abin da aka cusa ya zauna ke nan. Shi kuwa sinadari jiki yana wanke shi. In ya yi illa, a daina.

A 2012 ɗakin binciken Kramer ya yi wa makafin ɓeraye allurar sinadarin AAQ a ido. Ƙwayar idonsu ta soma tsukewa idan an haska ta, suka kuma riƙa gudun fitila. Bayan shekara goma, a Adelaide ta Ostiraliya, aka fara gwada wani sinadari irinsa mai suna KIO-301 a kan masu wani ciwon ido na gado da ke farawa da dundumi.

Sai dai masu zumuɗi su yi hattara. Haske ba ya nisa cikin tsoka, shi ya sa ido ne aka fara kamawa. Hanta ko ƙwaƙwalwa sai an dasa fitila. Allurar idon ma maimaitawa take so, kuma mutanen da aka gwada wa a zagayen farko 'yan ƙalilan ne.