SHARHI: Idan Likita Ya Bar Aiki, A Rufe Masa Ƙofar Kwamfuta Amma Kada A Goge Sunansa

A yayin da asibitocin haƙori masu zaman kansu a Legas, Abuja, Fatakwal da sauran biranen ƙasar nan ke barin fayilolin takarda suna komawa ga kwamfuta, akwai wani ƙaramin aiki da ya kamata masu asibitocin su ba shi muhimmanci, wato rufe hanyar shiga manhajar asibiti ga likita ko ma'aikacin da ya ajiye aiki. A ranar sallama akan karɓi mabuɗin ofis da katin shaida, amma a manta da kalmar sirrinsa, alhali manhajar da ke kan intanet ana iya buɗe ta daga ko'ina, har daga Ingila ko Saudiyya inda likitocin Nijeriya da dama suka koma.

Abin da ke cikin manhajar shi ne jarin asibitin: sunayen majiyyata da lambobin wayarsu, hotunan haƙoransu, basussukan da ake bin su, da takardun neman biya daga kamfanonin inshorar lafiya. Wanda ya koma wani asibiti yana iya kwashe jerin majiyyatan ya tafi da ciniki. Haka nan wanda ya saura yana iya shiga da sunan wanda ya tafi, ya sauya lissafin kuɗi, a rasa wanda za a tuhuma.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa shugaban kowane asibiti ya ɗauki matakan hana wanda ba shi da izini kaiwa ga bayanan majiyyata. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma tanadi tarar da ka iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga ƙananan masu riƙe bayanai.

Sai dai goge sunan likitan gaba ɗaya shi ma kuskure ne. Kowane haƙori da ya cire ko ya cike an rubuta shi ne da sunansa, kuma da sunan ne za a karɓi kuɗin da kamfanin inshora bai biya ba tukuna. Idan majiyyaci ya kai ƙara gaban Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wannan rubutu ne shaidar asibiti. Shi ya sa manhajoji irin su Dentrix da Open Dental suka tanadi hanyar dakatarwa ko ɓoye sunan likita, ya daina fitowa a jadawalin aiki, amma tarihin aikinsa ya tsaya yadda yake.

Saboda haka ya wajaba kowane mai asibiti ya sanya wannan aiki cikin ƙa'idojin sallama. Da farko a mayar da majiyyatan likitan da ranakun ganinsu ga wanda ya gaje shi, sannan a dakatar da sunansa a ranar da ya tafi, a kuma sauya duk kalmar sirrin da ma'aikata suka yi tarayya a kai. Bayan haka a riƙa gwada jerin masu shiga manhajar da jerin masu karɓar albashi a ƙarshen kowane wata, domin duk sunan da ke cikin na farko ba ya cikin na biyu ƙofa ce da aka bari a buɗe.