Bot ya kawo PR, wa zai danna maɓallin haɗewa?

1/ 'Yan uwa masu rubuta kod a Gusau, Tsafe da Bungudu, ku matso. Maganar Dependabot da Renovate ce, bot ɗin da ke cika maka GitHub da PR kullum safiya wai "ga sabon fakej". Ra'ayina: kar ka kashe shi, kar kuma ka bar shi ya haɗe komai da kansa.

2/ Yawancinmu nan mutum ɗaya ne ke riƙe da manhaja gaba ɗaya. Shafin duba sakamakon makaranta, ko manhajar lissafin kantin magani. Kai ne mai rubutawa, kai ne mai gwaji, kai ake kira da tsakar dare. Shi ya sa haɗewa ta atomatik ke da daɗin ji.

3/ To amma ku tuna Satumba 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran wurare suka ƙara makonni. Sabar ka kuwa tana can waje tana aiki, bot bai san an rufe komai ba. Ya haɗe, ya tura, abu ya lalace, kai kana Tsafe babu ko sanda ɗaya ta sabis balle ka mayar da shi baya. Ko yau ma, wuta da data ba su da alƙawari.

4/ Wasu za su ce: ai ƙaramar lamba kawai nake bari ya haɗe, irin 1.4.0 zuwa 1.4.1. Haba malam. A Janairu 2022 mai fakej ɗin colors da kansa ya lalata shi, kuma a daidai wannan 1.4.1 ɗin ya sako ɓarnar. Manhajoji suka riƙa zuba shirme ba tsayawa. Lamba alƙawarin mai fakej ce kawai.

5/ Satumba 2025 kuma aka yaudari mai kula da chalk da debug ta imel, aka saki sigar da ke satar kuɗin kirifto. Cikin 'yan awanni aka cire ta daga npm. Wanda bot ɗinsa ke jira ko kwana uku ne, bai ma gan ta ba.

6/ Nan ne gyaran yake: jira. A Renovate akwai minimumReleaseAge, a Dependabot akwai cooldown. Sa kwana bakwai. Bari masu gaggawa su fara ɗanɗana miyar.

7/ Sannan ka kulle reshen main, ka wajabta gwaji ya wuce kafin haɗewa. In ba ka rubuta gwaji ko ɗaya ba, koren alamar nan ado ce, kar ka kunna atomatik sam.

8/ Babbar lamba, 2 zuwa 3, da hannunka, ranar da kake da wuta da data da natsuwa. Ba daren Juma'a ba, ba makon fitar da sakamako ba.

9/ Gyaran tsaro daban ne. Log4j a Disamba 2021 ya nuna jinkiri ma yana kashewa, kuma cooldown na Dependabot ba ya tsare irin wannan PR. Shi kam ka buɗe ka karanta a ranar, ka haɗe da kanka kana kallon saba.