Wasiƙa zuwa ga ma'aikatan rediyo na ƙasar Damagaram

Ya ku ƴan'uwana ma'aikatan rediyo da muryarku ke kaiwa Hamdara da sauran ƙauyukan Mirya. Ina so mu yi maganar ƙuri'ar raba gardama tun kafin wata ta zo, don ba a fafe gora ranar tafiya.

A zaɓen ɗan majalisa, manomi ya san wanda ke neman ƙuri'arsa. Ya san ubansa, ya san ko ya taɓa zuwa ta'aziyya garinsu. A raba gardama kuwa babu fuskar da zai duba. Doguwar takarda ce da Faransanci, a ce masa ya amsa da i ko a'a. Duk abin da ya sani a kanta daga bakinku ya ji shi, a rediyon da mai shayi ya rataye a ƙusa, ko wadda shi kansa ya ajiye a gindin gawo yana noma.

Ku tuna 2009. A nan Damagaram aka fara jin kiran tazarce da ƙarfi, tun a Oktoban 2008, ranar aza harsashin matatar mai. Da Shugaba Tandja Mamadou ya nace wa sabon kundin tsarin mulki, sai ya rushe majalisar dokoki, wadda Mahamane Ousmane ke shugabanta, a watan Mayu, ya bi da kotun tsarin mulki a Yuni bayan ta ce shirin bai halatta ba. An dakatar da gidan rediyo da talabijin na Dounia saboda watsa sanarwar ƴan adawa. Kafofin gwamnati kuwa kullum zancen manyan ayyukan da ba a kammala ba ne: matatar mai, madatsar ruwan Kandaji, gada ta biyu a Yamai. Ranar 4 ga Agusta aka kaɗa ƙuri'a, ƴan adawa suka ƙaurace, hukuma ta ce kashi 92 cikin ɗari sun amince.

To, mutum nawa ne a karkara aka zauna aka warware wa cewa takardar ta ƙara wa shugaba shekara uku ba tare da zaɓe ba, ta kuma cire iyakar wa'adi? Da yawa matata da madatsa suka zaɓa, alhali ba a kansu aka tambaye su ba. Sojoji suka kifar da mulkin ranar 18 ga Fabrairun 2010, ranar 31 ga Oktoba aka sake kiran jama'a, kusan kashi 90 suka amince da kundin da ya maido da wa'adi biyu.

Don haka, in lokacin ya zo, ku fara da takardar kanta. Ku samo ta, ku karanta ta sashe-sashe da Hausa da Barbarci da Fulatanci, ku kira malamin shari'a ya faɗi abin da zai canja a ikon shugaba, kotu da majalisa. Ku maimaita da asuba da bayan isha, lokacin da matan gida ke kusa da rediyo.

Sanarwar da aka biya kuɗinta, ku faɗi wanda ya biya, kuma kada ku karanta ta da muryar da kuke karanta labarai. Waƙar kamfe tana shiga kai fiye da sharhi, saboda haka in kun sa ta masu i, ku sa ta masu a'a, da mintoci daidai. Masu ƙauracewa ma a ba su makirfo.

A shirin kiran waya, ku lura da lambobin da ke dawowa kullum da magana iri ɗaya. Wani an saya masa kati ne, kuma mutum biyar ba su ne gari ba. Saƙon murya na WhatsApp da ke yawo daga fada zuwa fada, kada ya hau iska sai kun san mai maganar, da ranar da ya yi ta. Labarin tashoshin waje ma ku auna shi da abin da idonku ya gani a rumfar zaɓe.

Na san akwai matsi: mai gidan rediyo yana da ɓangaren da yake goyon baya, man janareta kuma sai da kuɗi. In an hana ku faɗin wata gaskiya, aƙalla kada ku ara wa ƙarya bakinku. Bayan zaɓe masu kamfe za su koma Yamai, ku kuma da mutanen nan za ku ci kasuwa ɗaya, kuma za su tambaye ku abin da kuka gaya musu.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku, tsohon abokin aiki.