Tsohuwar Mota: A Gyara Ko A Sallama?

Akwai wata safiya da kusan kowane mai tsohuwar mota ya sani. Yara sun shirya za su makaranta, maigida ya murɗa makulli, mota ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Sai a kira samarin unguwa su tura, ta tashi da ƙyar tana turnuƙe layi da hayaƙi. Kafin azahar tana gareji, makaniki ya buɗe gabanta, ya kasa kunne, ya girgiza kai ya ce, “Malam, wannan karon fa sai an sauke inji.” Daga ranar barci ya ƙaurace wa maigida, domin tambaya ɗaya ce za ta riƙa yi masa yawo a ka: ya ƙara zuba kuɗi a cikin wannan tsohuwa, ko kuwa ya sallama ta ya nemi wata?

Masu ba da shawara ba su da wuyar samu. Uwargida ta gaji da kunyar turi a ƙofar gida, tana ganin a rabu da ita kawai. Dillali ya ce yana da wata mai kyau a hannu, shigowarta ke nan, ko ƙura ba ta taɓa ba. Makaniki kuwa ya rantse cewa in aka ba shi mako guda za ta koma kamar sabuwa. Dillali la'adarsa yake hange, makaniki kuɗin aikinsa yake hange, amma mai motar shi kaɗai zai zauna da sakamakon, shi da kuɗin makarantar 'ya'yansa da hatsin gidansa. Saboda haka ya kamata ya yi wa kansa lissafi tun kafin a yi masa.

Wannan tambaya ba ta da irin wannan nauyi a da. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri ta Kaduna, a wannan shekarar kuma kamfanin Volkswagen ya fara nasa aikin a Legas. Kuɗin Udoji sun shiga hannun ma'aikata, gwamnati tana ba da rancen mota, ma'aikaci mai matsakaicin muƙami yana iya fitar da sabuwa fil daga kanti. Da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, jama'a suka koma ga motocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam. Shekara da shekaru ta Kwatano yawancinsu ke biyowa, har gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu 2017.

Sai kuma ga shekarar 2023. Ranar 29 ga Mayu aka yi shelar janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta zarce naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen wannan shekara ta 2024. Da yake da dala ake sayo mota a waje, da farashin dala kuma ake lissafa kuɗin kwastan, sai tokumbo ita ma ta tsere wa mai albashi. Kayan gyara su ma sun hau, amma har yanzu akwai tazara mai yawa tsakanin kuɗin inji da kuɗin mota sukutum.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Sai a ji mutum ya ce, “Motar da ba za ta wuce naira miliyan 3 a kasuwa ba, yaya zan kashe mata miliyan ɗaya da rabi?” Wannan ma'auni ya fi dacewa da ƙasashen da ma'aikaci ke shiga kanti ya ɗauki sabuwar mota da takardar lamuni, ya riƙa biya kaɗan kaɗan da ruwa mai sauƙi. A Nijeriya kuwa, wanda ya sayar da tsohuwar mota, tsohuwar mota zai saya. Bambancin kawai shi ne, ta farkon ya san ciwonta, ta biyun kuwa bai san komai game da ita ba sai abin da dillali ya ga dama ya faɗa. Abin da ya kamata a auna shi ne kuɗin gyara a hannu guda, a ɗaya hannun kuma cikon da za a yi a kan kuɗin tsohuwar, haɗe da la'ada, da sauya takardu, da gyaran farko wanda kusan babu tokumbon da ba ta buƙatarsa: juye, taya, batir, da ƙafafu.

Sayen motar hannu kuwa sau da yawa cinikin biri a sama ne. Agogon da ke ƙirga tafiyar mota ana iya mayar da shi baya, kuma motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi, watau wadda ta nuna 150,000 ta riga ta ci wajen kilomita 240,000. Da yawa daga cikin masu arahar a wajen gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, bayan sun yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, a zo nan a buge bodi a fesa fenti. Wadda ta sha ruwa tana iya yin wata shida lafiya lau kafin wayoyinta su fara ruɓewa. Wadda ta fito daga yankin da ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara kuwa, tsatsa ta ƙarƙashi take cin ta. Yawancin motoci suna da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma da wannan lamba ana iya binciko tarihin yawancin motocin Amurka a intanet da kuɗi kaɗan. Wanda ya ƙi biyan wannan ɗan kuɗi yana iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago.

To, ita tsohuwar da ke gida fa, yaya za a gane ko da sauranta? Yawan kilomita shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Motar da ta yi kilomita 350,000 a doguwar hanya, ana yi mata juye a kan kari, ta fi wadda ta yi rabin haka a cunkoson gari da baƙin mai na jabu. Wuri na farko da za a duba shi ne ƙashin bayan motar, watau shasi da ƙarƙashin bodi. A hau da ita kan rami a duba da fitila. In ƙarfen yana nan garau, bai tsage ba, bai karkace ba, tsatsa ba ta huda shi ba, to duk sauran abubuwan da ke jikinta ana iya kwancewa a sa wasu. In kuwa an taɓa yanke shi an haɗa da walda, ko motar tana tafiya a karkace tana cin taya gefe guda ko bayan an daidaita ƙafafu, to magana ta kusa ƙarewa, domin irin wannan mota ba ta kare mai ita ranar haɗari.

Shi inji yana faɗin ciwonsa da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta ƙona baƙin mai, yawanci ringi ne suka cinye. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa bayan mota ta yi zafi, tare da raguwar ruwa a lagireto, alama ce ta ƙonewar gasket, musamman in baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Baƙin hayaƙi kuwa mai ne ya yi yawa, kuma sau da yawa gyaransa bai taka kara ya karya ba. Kafin a yarda a sauke inji, sai a nemi a auna ƙarfin matsin kowane fistin, a kuma sa wa motar na'urar kwamfuta, sannan a kai ta wurin makaniki na biyu wanda bai san na farkon ba. An sha sauke inji lafiyayye saboda fulogi ko famfon mai. Haka kuma a gwada giya, musamman otomatik: in tana jinkirin shiga, ko tana fizga, ko manta ya yi baƙi yana warin ƙuna, to a sa kuɗinta a cikin lissafi tun yanzu. Inji kaɗai gyara ne. Inji da giya da wayoyin wuta a lokaci guda kuwa, sayen mota ne a gutsure.

Bayan haka sai a ɗauko takarda da alƙalami. A rubuta duk abin da motar ta ci a gareji cikin wata 12 da suka wuce, a ware abin da kowace mota ke ci, kamar juye da taya da birki, daga abin da tsufa ya jawo. A rubuta kuma kwanakin da ta kwana a gareji da kuɗin hayar da aka biya a madadinta. Yawancin masu mota ba su taɓa yin wannan lissafi ba, abin da ya fi yi musu zafi kawai suke tunawa. Wani zai tarar cewa motar da yake zagi ba ta ci masa kuɗin da ya kai na wata guda na biyan bashin wata motar ba. Wani kuma zai tarar cewa ya daɗe yana ɗibar ruwa da kwando.

Batun shan mai shi ma lissafi yake so. A ɗauka, don misali, tsohuwar tana shan lita 12 a kowane kilomita 100, wadda ake son saye kuma lita 8. Ma'aikacin da ke yin kilomita 1,500 a wata zai rage lita 60. In an sa lita a kan naira 1,000, ya tsira da naira 60,000 a wata, watau 720,000 a shekara. In cikon da zai yi naira miliyan 7 ne, sai ya yi kusan shekara 10 kafin rarar mai ta mayar masa da kuɗinsa. Amma direban haya mai yin kilomita 6,000 a wata, da wannan lissafin, cikin kamar shekara biyu da rabi zai fanshe. Ga shi kuma duk ranar da motarsa ta kwana a gareji, gidansa ba a ɗora tukunya ba. Ashe amsar da ta dace da malamin makaranta ba lalle ta dace da mai jigilar fasinja daga Kano zuwa Maiduguri ba.

Akwai kuma batun kayan gyara. Motar da ake samun kayanta a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Apo ta Abuja, da Ladipo ta Legas, wadda kowane makaniki ya san cikinta, ta cancanci a yi haƙuri da ita. Abin da ya sa Peugeot 504 ta daɗe a hanyoyin ƙasar nan ke nan, shi ne kuma ke riƙe da tsofaffin Toyota da Honda da Golf. Wadda kuwa sai an aika ƙasar waje a jira wata guda kafin a samo mata ɗan ƙaramin ƙarfe, ko tana da kyan gani, wahala ce.

Wanda ya yanke shawarar gyara, ya yi gyaran sau ɗaya, ya yi shi sosai. In injin Beljiyam zai saya, ya je da makanikinsa, a rubuta yarjejeniyar kwanakin gwaji, a sa sabon bel da sabon famfon ruwa tun injin yana ƙasa, a wanke lagireto, domin zafin da ya kashe tsohon injin zai kashe wannan ma. Kada ya yarda a cire masa ƙarfen da ke daidaita zafin ruwa, ko a haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasar nan zafi gare ta, wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Kada kuma ya kashe duk kuɗin a kan inji ya bar birki da sitiyari da taya. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. Inji in ya mutu a hanya tsayawa ake yi, birki in ya mutu ba a tsayawa.

Wanda kuma lissafi ya nuna masa lokacin rabuwa ya yi, gara ya sayar tun tana tafiya da ƙafarta, domin motar da aka ja da igiya kuɗin ƙarfe ake ba ta. Ya faɗa wa mai saye aibinta, kada ya zuba mai mai kauri don ɓoye hayaƙi, domin shi ma gobe mai saye ne. Ya kuma guji cin bashi mai ruwa don kawai maƙwabci ya sauya mota. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Masu iya magana sun ce tsohon doki sai mai shi. Mota mai lafiyayyen ƙashi, mai ciwo guda ɗaya sananne, mai kayan gyara a kasuwa, a wannan zamani na tsadar dala gyaranta ya fi sauƙi a aljihu nesa ba kusa ba. Wadda ƙashinta ya ruɓe, wadda ba a iya ɗaukar mai naƙuda a cikinta da tsakar dare da kwanciyar rai, ita kam ta gama aikinta, sai a yi mata godiya a sallame ta. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a abin hawa.