RA'AYINMU: Kafin A Ce Mu Zaɓi Makaranta, A Fara Kawo Mana Ita



A zaman da shugabannin wannan ƙungiya suka yi da wakilan 'yan kasuwa a Umdurman, maganar makarantar yara ta ci mana lokaci fiye da maganar farashin shanu. Wani Alhaji daga cikin manyan fatakenmu ya miƙe ya ce shi dai ya yanke ƙauna daga makarantar gwamnati, ya kai 'ya'yansa ta kuɗi, kuma yana ganin gara gwamnati ta riƙa ba kowane uba kuɗin karatun ɗansa a hannu, ya je ya zaɓi inda ya ga dama. Da ya zauna sai wani dattijo makiyayi ya tambaye shi: "Alhaji, ni da nake kwana biyu a kan jaki kafin in ga rufin makaranta, tsakanin wace da wace zan zaɓa?" Babu wanda ya amsa masa a wurin. Shi ya sa muka ga ya kamata ƙungiya ta bayyana matsayinta a wannan shafi.

Kowa ya san halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, aka rufe makarantu a Hartum da Bahri da Umdurman da sauran wurare, wasu suka zama masaukin 'yan gudun hijira, wasu aka kwashe musu kujeru da ƙofofi. A watan Oktoba na 2023 hukumar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Amma tun kafin a harba harsashi na farko akwai yara kusan miliyan 7 da ba su cikin aji, kuma ba sai an gaya muku 'ya'yan su wane ne suka yi yawa a cikinsu ba. Bayan da sojoji suka karɓe Hartum a shekarar 2025 an shiga gyara da sake buɗe makarantu. To, yanzu ne ake rabon kuɗin ginin, kuma wanda bai yi magana a lokacin rabo ba, kada ya zo yana kuka bayan an kwashe tukunya.

Shawarar da Alhaji ya kawo ba shi ya ƙago ta ba. A ƙasar Amurka akwai irin makarantun da suke kira "cata", wato makarantar yarjejeniya. Jihar Minesota ce ta fara yi musu doka a 1991, aka buɗe ta farko a 1992. Yadda abin yake, gwamnati ce ke biyan kuɗi a kan kowane yaro, amma wata ƙungiya ko wasu malamai ne ke tafiyar da makarantar bisa takardar yarjejeniya ta wasu shekaru. Ba a karɓar kuɗi daga iyaye, idan masu nema sun yi yawa sai a jefa ƙuri'a, idan kuma makarantar ta kasa sai a soke takardarta. Masu goyon bayan tsarin suna cewa ya ba talaka damar fitar da ɗansa daga makarantar da ta lalace. Masu suka kuwa suna cewa duk yaron da ya fita da kuɗinsa yake fita, alhali tsohuwar makarantar tana nan da albashin malamanta da gyaran rufinta, sai ta ƙara talaucewa a kan yaran da suka rage. Ƙasar Cile ma ta gwada bai wa makarantun kuɗi tallafi a kan kowane yaro tun 1981, amma a 2015 sai da ta yi dokar hana makarantun da ke cin kuɗin gwamnati neman riba da tsince yaran da suke so.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan tsari a cikin gari yake yin ƙarfi, inda makarantu suke kusa da juna. Mai neman riba ba zai ɗauki allo da alli ya bi garke daga Kurdufan zuwa mashayar rani ba. Mun gani da idonmu a nan Hartum. Daga shekarun 1990 makarantun kuɗi suka yi ta tsirowa a unguwannin masu hali, har gidan haya ake mayarwa makaranta. A gefen gari kuwa, irin su Mayo da Ingaz da bayan Umbadda, inda da yawa daga cikin danginmu suke zaune, aji ɗaya sai ya cika maƙil, yara a ƙasa, majalisar iyaye tana bi gida gida tana tara kuɗin alli da na ruwan sha. Ga shi kuwa tsarin mulkin 2005 ya ce karatun farko kyauta ne kuma dole ne, dokar yara ta 2010 ta sake nanatawa.

Kada wani ya ɗauka muna ƙin jama'a su riƙe makarantarsu da kansu. Tarihin ƙasar nan ma ba zai yarda da mu ba. Shehu Babikir Badri da kansa ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, daga zuriyar aikinsa ne aka sami Ahfad ta Umdurman. Makarantar Ahliya ta Umdurman da aka buɗe a 1927 jama'ar gari ne suka tara kuɗinta a lokacin da Turawa suke ƙyashin buɗe makarantu. Halwowin Alƙur'ani kuwa, daga Ummu Dubban har zuwa Mai Wurno, ba su taɓa jiran baitulmali ba. Mu ma makiyaya muna da tamu, wato makarantar tafi-da-gidanka da aka fara a Darfur a farkon shekarun 1990 da taimakon UNICEF, daga baya ta bazu zuwa Kurdufan da gabas. Malami ɗaya ne da tanti da allo, ana ɗora kayansa a kan raƙumi ko sa, duk inda ruga ta sauka nan makaranta ta sauka. Iyaye ne ke ciyar da malamin, su ƙara masa da tumaki don ya daure zaman daji. Idan ana neman makarantar da gwamnati ta ba da malami jama'a suka riƙe ragamarta, to mun riga mutanen Minesota sanin daɗinta da wahalarta.

Wahalar ita ce wannan makaranta a aji huɗu take tsayawa. Yaro ya iya karatu, ya iya lissafi, ya fara sha'awar littafi, sai a ce masa sauran sai a gari. A da akwai dakiliya, wato makarantar kwana ta gwamnati, inda ɗan makiyayi zai sami gado da abinci iyayensa suna can suna kiwo. Da yawa daga cikin manyan ma'aikata da likitocin da suka fito daga karkara ta wannan ƙofa suka bi. A shekarar 1994 aka raba ƙasa jihohi 26, aka ɗora nauyin makarantun farko a wuyan ƙananan hukumomi, wato mahalliyoyi. Mahalliyar da ke da kasuwa da masana'antu ta iya ɗauka. Wadda ba ta da komai sai ƙaya da rairayi ta kasa biyan albashi ma, balle dawar ɗalibai. A cikin waɗannan shekaru aka yi ta rufe dakiliyoyi ɗaya bayan ɗaya. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda abin ya shafa. Ina dakiliya a wajen Sinnar aka tara mu wata safiya aka ce babu sauran abinci, kowa ya nemi gidan da zai zauna a gari. Mu da ba mu da kowa a garin muka ɗaure tabarminmu muka koma ruga, karatuna bai wuce na firamare ba har yau. Abokan ajina 'yan gari da nake gaba da su a lissafi, wasunsu yanzu sai na cika takarda kafin in gan su.

To, shin makiyayi ba ya biyan komai ne da za a ce babu kuɗin makarantar ɗansa? Ku da kuke fatauci kun fi kowa sani. Ana karɓar jangali, wanda a nan ake kira kuɗin guɗ'an. Diwanin zakka yana karɓar nasa. Kafin yaƙi, garken da ya taso daga Niyala yakan yi wata biyu ko fiye a ƙafa kafin ya iso kasuwar Muwailih da ke yammacin Umdurman, kuma kusan kowace mahalliya da ya ratsa sai an yanka masa rasit. A kasuwa a biya, a mahauta a biya, ragunan da ake lodawa a Sawakin zuwa Saudiyya a biya. Tun da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kashi uku cikin huɗu na man fetur, dabbobinmu suna cikin manyan abubuwan da ke kawo wa ƙasar nan kuɗin waje. Ƙidayar 2008 ta ce makiyaya masu yawo sun kai kimanin miliyan 2 da dubu 800, mu kuwa mun san ba kowace ruga masu ƙidayar suka taka ba. Kuɗin yana fitowa daga daji ya shiga gari, ba ya komowa. Wannan shi ne ainihin ƙorafinmu.

Ƙasashen duniya sun amince a taron Incon na 2015 cewa cikin kowane jine 100 da gwamnati za ta kashe, 15 zuwa 20 su tafi ga ilimi. Sudan ba ta cika wannan mudu ba ko a zamanin da man fetur yake kwarara. Idan aka ɗauki wannan ɗan abin da bai isa ba aka ce za a raba wa makarantun kuɗi da sunan zaɓi, wanda ke kusa da ƙofa shi zai kwashe. A Nijeriya, inda 'yan'uwanmu suke fama da irin matsalarmu, an kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa da doka ta 41 a 1989, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi, hedkwatarta tana Kaduna. Ba mu ce ta warware komai ba, amma ko banza makiyayi ya san ƙofar da zai buga, kuma akwai layin da aka rubuta sunansa a kasafin kuɗi.

Saboda haka ga abin da wannan ƙungiya take nema daga gwamnatin tarayya da ta jihar Hartum da sauran jihohi.

Na farko, idan za a ce kuɗi ya bi yaro, mun yarda, amma ya bi shi har ruga. Kuma a san cewa karantar da yaron da ke nesa ya fi tsada, don haka kasonsa ya fi na ɗan gari, kamar yadda kuɗin motar shanu daga Niyala ya fi na daga Kosti.

Na biyu, a ware wani kaso sananne daga harajin dabbobi a rubuta shi da sunan ilimin makiyaya, kuma kowace mahalliya ta liƙa takarda a ƙofar kasuwar dabbobi mai nuna abin da ta karɓa da abin da ta kashe a makarantu.

Na uku, a sake buɗe dakiliyoyi a garuruwan da ke kan burtali, da ɓangaren 'yan mata a hannun mata amintattu, domin yaron da ya gama aji huɗu a tanti ya sami inda zai ci gaba. Albashin malamin tafi-da-gidanka kuma ya fito daga gwamnati a kan lokaci, tumakin iyaye su zama ihsani kawai.

Na huɗu, duk makarantar kuɗi da aka ba fili ko aka yafe wa haraji, a wajabta mata ɗaukar wasu yaran talakawa kyauta. Kuma kada a kori yaro daga kowace makaranta don ba shi da takardar haihuwa ko lambar ɗan ƙasa, ko don shekarunsa sun wuce saboda yaƙi. A karɓe shi tukuna, takarda ta biyo baya. Mun san yadda ake wahalar da Hausawa da Fulani a kan maganar takardu, alhali kakanninsu a nan aka binne su.

Daga ƙarshe, mu ma da namu laifin. Akwai uban da malami zai zo har ruga ya ce ba zai saki yaro ba sai an gama shayar da shanu, akwai wanda ke cire yarinya daga aji da zarar an kawo goron tambaya. Idan muka nemi malami aka ba mu, ya zo ya tarar da tanti babu kowa, da wane baki za mu koma neman dakiliya? A raba kiwo tsakanin yara, wasu da safe wasu da yamma, kamar yadda ake yi wa karatun allo. Ku kuma alhazanmu fatake, ba mu hana ku kai 'ya'yanku inda kuka ga dama ba, halalinku ne. Amma ku tuna yaron da ya koro muku shanun nan daga daji shi ma ɗan wani ne. Muna roƙon kowane reshe na ƙungiya ya rubuto mana yawan yaran da suka isa shiga makaranta a rugagensa da sunan makaranta mafi kusa da su, kafin a tashi kiwon damina, domin da wannan lissafi za mu shiga ofishin ilimi.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, ya albarkaci dukiyarmu da zuriyarmu, amin.