Aya a baki, hannu a aljihu

Ƴan uwa, bari in taɓo wurin da ba mu so a taɓa: makarantar Lahadi. Kowa ya san yadda take tafiya a majami'unmu da yawa, daga Maradi har Yamai. Monita ya rubuta aya bisa allo, yara su maimaita sau goma da ƙarfi, wanda ya kawo ta ba gargada a ba shi alawa, a yi masa tafi. Lahadi mai zuwa kuma wata aya. Wai an koyar da Maganar Allah ke nan!

Ni dai ban yarda ba. Ba faɗa nake da hadda ba, abin da yaro ya riƙe yana ƙarami yakan bi shi har tsufa. Amma ina ɗalibin ilimin harshe, na san maimaita sauti daban, gane magana daban, ko aku ma yana maimaitawa.

Ku dubi harshen da ake ba su ayar. A birni sau da yawa Faransanci ne, na fassarar Louis Segond ta 1910, wanda mu ƴan jami'a ma sai mun tsaya muke gane shi. Ɗauki kalmar "prochain". Yaro ɗan shekara bakwai a lakwal ya san ta, ma'anarta "mai zuwa", kamar mako mai zuwa. To an ce ya ƙaunaci "prochain" ɗinsa, wa zai ƙaunata? Ka ce masa "maƙwabci", nan take ya ga fuska: mai ƙosai ta ƙofar gida, almajirin da ke sallama da kwano, yaron da suka yi dambe jiya a bakin famfo. Kuma a garuruwanmu maƙwabcin nan galibi Musulmi ne. Watakila shi ya sa Faransancin ya fi mana sauƙi, ba ya nuna kowa da yatsa.

Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932. Masu cewa Faransanci zai taimaki yara a karatun boko, ai lakwal tana da kwanakinta, ba ta roƙi Lahadi ba.

Amma ko da Hausar, fahimta kaɗai ba ta isa ba. Wasiƙar Yakubu, sura 1, ta kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya duba madubi, ya juya, ya manta kamanninsa. Mu kuwa ga shi muna ba yara alawa don sun haddace wannan ayar ita kanta!

Idan an karanta labarin Basamariye a Luka 10, kada a tsaya ga tambayar mutum nawa suka wuce. A tambayi yara wa ke kwance a hanyar unguwarsu, wa kuma aka saba rainawa. Tun 2019 mutane ke gudowa daga Zamfara da Sakkwato zuwa yankin Gidan Rumji, ba sai an je Yariko neman wanda ƴan fashi suka tuɓe ba. Ajin ya tara tiya ɗaya ta gero ya kai da ƙafarsa. Mai gaba da ƙanensa ya je su shirya. Lahadi ta zagayo, kafin a ce "wa ya haddace?", monita ya fara da "mi ka yi?", kuma shi ma ya amsa a gaban yaran.