Kada Mu Raina Ɗan Zarto

Jama'a, akwai wani aikin hannu da na ke so mu 'yan kwalejin nan mu dube shi da idon basira, watau yankan ado a katako da ɗan zarton nan mai siririn baki kamar tsinken tsintsiya. Waɗansu daga cikinmu su na ganin wasan yara ne, waɗansu kuwa cewa su ke yi wanda zai zama malami ina ruwansa da aikin kafinta? To, ni a ganina babu wanda aikin nan ya kamata kamar malami.

Ga dalili. Wajen shekarar 1766 wani mai zanen taswira a London, John Spilsbury, ya manna taswirar Turai a kan katako, ya bi iyakokin ƙasashe ya yanyanka, domin yara su riƙa harhaɗawa su koyi labarin ƙasa. Ashe tun asali kayan koyarwa ne. Me zai hana mu yi haka da taswirar Nijeriya, jihohi 36 da Abuja? Yaron da ya riƙe Neja a hannu ɗaya, Legas a ɗaya hannun, ba sai an gaya masa wadda ta fi girma ba.

Haka kuma baƙaƙe. Waɗanda a ke sayarwa a kanti don Turanci aka yi su, ba ka samun ɓ ko ɗ ko ƙ a ciki. Malamin Hausa da ya iya zarton nan sai ya yanka nasa, yaro ya shafa lanƙwasar ƙ da yatsa, ya daina rubuta kafa inda a ke nufin ƙafa.

Wani zai ce ai ba mu da injin. Gaskiya ne akwai mai aiki da lantarki, akwai kuma na dā wanda a ke takawa kamar keken ɗinki. Amma na hannu ya isa, ba ya kuwa jiran a kawo wuta. Abin da ka ke bukata shi ne falanki maras kauri, da gam, da abin huji. Ka ɗaura bakin zarton haƙoransa na kallon ƙasa, gama a saukowa ya ke ci. In za ka fafe ciki, kamar cikin O, sai ka huda, ka zura bakin, ka sake ɗaurewa. A kwana kuwa katakon za ka juya, zarton na ta hawa da sauka a wuri guda. Bakin ya kan karye, ba shakka, musamman a hannun mai gaggawa, sabo da haka a sayi dozin tun farko.

Inda na ke da magana da masu sha'awar abin shi ne wajen zane. A Ingila an yi wata jarida, Hobbies Weekly, daga 1895 zuwa 1965, ta na ba masu karatu zanen da za su kwafa, har yanzu kuwa irin furannin nan ne mutane ke bi. Haba! Mu da ke da dagi, da zanen ƙwarya, da adon da magina ke yi a fuskar soro? Sai dai a lura, zanen da zai shiga katako dole kowane sashe ya riƙe ɗan'uwansa, in ba haka ba tsakiyar ta faɗo.

Ina roƙon hukumar kwaleji ta bar ɗakin aikin hannu a buɗe ran Asabar da yamma, kowane ɗalibi kuma ya yanka baƙaƙen Hausa cikakku kafin ya fita gwajin koyarwa.